Manomin da Ba Shi da Diddige

Aikin farko da na yi na tafinta ba a coci ba ne, a ɗakin shan magani na mishan ne a Malumfashi, kuma da a ce da aikin ranar za a auna ni, da tuni ina kasuwa ina sayar da rake. Wata mata ce ta kawo ɗanta yana zazzaɓi. Baturiyar nas ta ce in tambayi sunan yaron. Na tambaya, matar ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, ta kau da fuska. Baturiya ta fara yi mata wani irin kallo, ta ce da ni ko dai yaron ba nata ba ne? Ni kuwa sarai na san abin da ke faruwa. Ɗan fari ne, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari ko za a yanka ta. Amma ba a ce in yi wannan bayani ba, suna aka ce in tambaya. Na tsaya a tsakaninsu kamar turmi, har wata tsohuwa da ke layi ta gaji ta faɗi sunan daga baya.

Ina ba ku wannan labari ne saboda na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar Lahadi, wai tafinta ko aku ma ya iya, Bature ya faɗa kai ka maimaita. Kunnena bai mutu ba tukuna. Kun yi sakandare kuna jin Turanci a bakinku kamar ruwa, madalla. Sai dai Turancin shi ne abu mafi sauƙi a sana'ar nan.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Baba Korau, tsohon soja, a can ƙetare ya tsinci Turancinsa. Shi ya nuna mini inda tafinta ke tsayawa: hagun mai magana, ɗan baya kaɗan, don kada ka tare shi, kada kuma ya juyo ya rasa ka. Ba Bature kake kallo ba, shi kunnenka ya ishe shi, fuskokin jama'a kake kallo. In ya yi nisa da magana bai tsaya ba, sai ka yi ɗan tari. Kayan aikinmu ba su da yawa. Keke, gorar ruwa, busasshiyar citta a aljihu don maƙogwaro, guntun fensir, da wani ƙamus da bangonsa ya rabu da shi tun kafin ya zo hannuna. Sai igiyar da ake ɗaure kaya a bayan keken. Dokar Baba Korau kuwa ɗaya ce, kullum sai ya maimaita ta.

"Ɗanladi, kai jaki ne," yakan ce da ni. "An ɗaura maka kaya, ka kai inda aka aike ka. Ka taɓa ganin jaki ya tsaya a hanya ya kwance mangala ya duba abin da ke ciki?"

Da wannan doka na yi wa mutane iri-iri aiki. Na yi wa Baturen gona da ke yawo ƙauyukan Funtuwa yana koya wa manoman auduga tazarar shuka, su kuwa suna gyaɗa kai har ya hau motarsa, sannan su yi yadda suka saba. Na yi wa 'yan mishan sababbin zuwa. Waɗanda suka fi ba ni wahala su ne masu rabin Hausa. Kana cikin fassara sai su tsayar da kai a gaban jama'a su ce ba haka suka ce ba, sannan su faɗi nasu, mutane su riƙe dariya har hawaye ya zubo.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru aka turo mana wani malamin Littafi Mai Tsarki, siriri mai tsawo da tabarau, muka sa masa Dogo. Mutumin kirki ne, amma Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba, don haka duk inda ya sa ƙafa ina bayansa. Ya san Helenanci, yaren mutanen Girka da aka fara rubuta Sabon Alkawari na Littafin da shi, kuma in ya sami wata kalma da ta burge shi sai ya kira ni ya nuna mini kamar yaro ya tsinci ƙwai.

Wata rana da safe a barandarsa ya nuna mini wata. Efiluwo, haka na ji ta a kunnena. Ya ce a wurin da aka ba da labarin yadda Yesu ke yi wa taro magana da misalai, an ce in sun keɓe da almajiransa sai ya yi musu wannan abin. Na tambaye shi mene ne abin. Ya tashi ya je wurin kekena, ya kama ƙullin igiyar baya ya warware shi, ya miƙo mini igiyar a sake.

"Wannan," ya ce. "Magana a ɗaure take, sai a kwance ta."

Na ce to, bayani ke nan. Ya ce i, amma ba shi kaɗai ba. Akwai inda wani magatakardan gari ya yi amfani da ita yana kwantar da tarzoma, a can kuma ma'anarta raba gardama a gaban majalisa. Na ce to bayani ne ko raba gardama? Ya ce duka biyun. Kafin in haɗiye wannan, ya buɗe wani wurin, ya ce a nan kuma an gargaɗe mu cewa ba mai kwance maganar Allah da ra'ayin kansa.

"Ranka ya daɗe," na ce, "a kwance ko kada a kwance?"

Ya yi dariya ya ce tambaya ce mai kyau. Ni ban nemi a yaba tambayar ba, amsa nake so. Na kai wa Baba Korau maganar, ya ce in bar Helenanci ga masu shi, ni dai jaki ne. Na koma gida da malamai biyu a kaina, kowa na ja gefensa.

Wannan shekara muguwar shekara ce. Ruwan farko ya sauka da kyau, kowa ya fita ya yi shuka, sannan sama ta ɗauke ɗif. Dawa ta tsiro ta ƙone a tsaye. Da ruwa ya dawo sai a sake shuka, ga shi irin ya tafi a ta farko. Mata suka riƙa share ƙasan rumbu da tsintsiya suna tankaɗe ƙasa don su sami abin da za a sa a ramin shuka. Mutum ya gwammace ya kwana da yunwa da ya taɓa ƙwaryar iri.

A cikin wannan hali wani mutum mai suna Nomau ya zo mishan. Daga wata unguwar Maguzawa yake tsakanin Malumfashi da Bakori, bai daɗe da karɓar bangaskiya ba, yana da mata da 'ya'ya ƙanana. Ubansa shi ne Sarkin Noma na wajen, kuma Nomau a gandun uban yake, wato tare suke noma babbar gona, daga rumbu ɗaya suke ci. Tsohon ya ce ba zai yanke hukunci a kan abin da bai ji ba. A kawo masa malamin ya ji da kunnensa. In maganar ta hankali ce, Nomau ya zauna a gandu da sabon Allahnsa. In ba ta hankali ba ce, ya zaɓi ɗaya. Kowa ya san mene ne fita daga gandu a irin wannan shekara: mutum da iyalinsa ba rumbu.

Dogo ya yi murna ƙwarai. Ya ce manoma ne, ga shi lokacin shuka, ai babu abin da ya dace da su kamar misalin mai shuka. Na ce haka ne, don ni ma a lokacin haka na gani. Na sha jin misalin a coci tun ina yaro, ban taɓa jin wani ya yi tari a kansa ba. Na ga Dogo ya shiga madafa ya cika aljihun rigarsa da dawa, na ɗauka wa wani zai kai.

Mun isa da la'asar, mutane sun dawo daga gona, aka taru a gindin wata ɗorawa. Sarkin Noma yana zaune a kan buzu, gajeren tsoho mai faɗin kafaɗa. Nomau yana gefe a durƙushe. Na tauna citta, na tsaya a hagun Dogo. Ya fara, ina juyawa. Wani manomi ya fita shuka, yana watsa iri, wani ya faɗa a kan hanya tsuntsaye suka cinye. Ina faɗa ina kallon fuskoki yadda aka koya mini, sai na ga goshin tsofaffi ya fara tattaruwa. Wani ya faɗa a kan dutse, wani cikin ƙaya. Sai Dogo ya sa hannu a aljihu, ya ciko shi da dawa, ya watsa ta a fili don su ga yadda manomin ya yi.

Kaji suka rugo. Wata tsohuwa, uwar Nomau ce, ta tashi ta kore kajin, ta durƙusa tana tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a bakin zanenta. Sai a lokacin na ji labarin da kunnen manomi. Mu ba haka muke shuka ba. Namiji ya wuce gaba da sungumi yana saran rami, na baya ya ɗebo 'yan ƙwayoyi da yatsu ya saka, ya rufe da diddige ya taka. Ƙwaya ba ta faɗuwa inda ba a nufe ta ba.

"Tsaya, yaro," in ji Sarkin Noma. "Manomin wanga, a buge yake?"

Ba wanda ya yi dariya. Na juya wa Dogo tambayar yadda take. Ya yi murmushi, ya ɗauka barkwanci ne, ya ce in gaya masa irin maganar Allah ce, ƙasar kuma zukatan mutane ne. Na faɗa.

"Ban kai can ba tukuna," tsohon ya ce. "Ina kan manomin. Ba shi da sungumi? Ba shi da diddige? Irin nashi ne ko na aro? Ubanshi na da rai ya bar shi yana wannan ɓarna?"

Na buɗe baki zan juya, sai ya ɗaga hannu.

"Bar Bature. Kai nike tambaya. Ubanka na noma?"

"Yana yi, Baba, a Danja."

"Ka taɓa ganin ya watsa iri bisa hanya?"

"A'a, Baba."

"To mi ya sa ka faɗa mani da bakinka kamar ka yarda?"

Ku da kuka ce aku ma ya iya, ku gaya mini abin da aku zai ce a nan. Baba Korau yana kunnena na dama yana cewa kai kaya ka yi shiru. Igiyar Dogo tana na hagu tana cewa kwance. Ga kuma gargaɗin nan cewa ba mai kwancewa da ra'ayin kansa. Ko da na so kwancewar ma, ban san inda bakin ƙullin yake ba, don ni kaina tambayar tsohon ta kama ni. Nomau ya ɗago ido yana kallona, na ji tsoro da kunya sun haɗu mini.

"Baba," na ce, "abin da aka ba ni shi na kawo."

"Ashe jaki aka turo mani," ya ce.

Na juya na tambayi Dogo da Turanci yadda ake shuka a ƙasar da aka yi labarin. Ya ce watsawa suke yi da hannu, sannan su bi da garma. Na gaya wa tsohon cewa a can yafi suke yi.

"Yafi mun san shi," ya ce. "Shinkafa a fadama. Amma ko mai yafi yana duba inda hannunshi ya nufa." Ya miƙe ya kaɗe buzunsa, ya dubi ɗansa. "Wanda ka bi bai san darajar iri ba. Ka bar shi ko ka bar gandu."

"Baba, ba zan iya barin shi ba," Nomau ya ce.

"To ɗauki fartanyarka. Gayaunarka ta gindin dutse taka ce. Rumbuna kuwa ka manta hanyarshi."

A hanyar komawa Dogo ya tambaye ni me ya lalace. Da na gaya masa, ya sauka daga keke, ya ce in nuna masa. Na sami sanda na tona rami a gefen hanya, na saka tsakuwa, na rufe da diddige. Ya daɗe yana kallon ramin. Ya ce me ya sa ban faɗa masa tun a baranda ba? Na ce ni ma ban gani ba sai da tsohuwar nan ta durƙusa. Ya ce to da tsohon ya tambaye ni, me ya hana in yi masa bayani? Na ce ai shi ya nuna mini inda aka hana. Ya ce ba haka wurin yake nufi ba. Na ce to yaya yake nufi? Ya fara, ya tsaya, ya sake farawa, daga ƙarshe muka hau kekunanmu. Baba Korau kuwa da ya ji labarin cewa ya yi, "Ka kai kaya?" Na ce na kai. Ya ce, "To." Amma goron da ya ɓare bai kai shi baki ba.

Ba a daɗe ba Dogo ya nemo dawa da ƙyar a kasuwar Bakori, ya ɗaura mini a keke in kai wa Nomau ya shuka. Na tarar da shi a gayaunar, ƙaramar gona ce a gindin dutse, rabinta marmara, sungumi ma tsalle yake yi a kanta. Abin mamaki, ta riga ta tsiro. Na tambaye shi ina ya sami iri. Ya ce wata rana da safe ya buɗe ƙofa ya ga ƙwarya cike a bakin ɗakinsa, ba wanda ya ce shi ya ajiye. Amma ya san ƙwaryar, tana da ɗinki a gefe, tun yana yaro yake ganin ta a hannun ubansa ranar shuka.

Ina fitowa na ga tsohon tsaye a bakin gonar, hannuwa a baya. Na durƙusa na gaishe shi.

"Jaki, ka dawo?"

"Na dawo, Baba."

Ya nuna gonar da haɓa. "Wurin nan ba ya yi. Ubana ya gwada, ni na gwada. Iri in ya shiga nan asara ce."

Ban san ko ana so in nuna na san zancen ƙwaryar ba.

"Tun ranar nan mahaukacin manominku ya hana ni sakat," ya ce. "Ina gona yana kaina, ina cin tuwo yana kaina. Na ce aradu ba mai hankalin da zai zuba iri bisa dutse yana sane. Sai ga ni da ƙwarya a hannu, a shekarar da ba iri." Ya juyo ya dube ni. "Shi mai labarin, ɗanshi ne a kan dutsen?"

"Ban sani ba, Baba."

"Kai kullum ba ka sani ba. Tambayo Baturenka."

Na kai wa Dogo tambayar yadda aka ba ni. Ya ce ba haka masana suka fassara misalin ba, ko kusa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Can ya ce amma shi ba zai iya aika ni in ce wa tsohon ya yi kuskure ba. Na ce to me zan ce masa? Ya ce in ce masa yana tunani. Na koma na faɗa, tsohon ya ce madalla, a bar shi ya yi, shi ma abin da yake yi ke nan.

Damina ta wuce a haka. Nomau da matarsa suka yi ƙwadago a gonakin mutane, suka ci ganye fiye da tuwo, 'yan'uwa na coci suka riƙa taimakawa da abin da ya samu. Uban bai kira shi gandu ba, bai kuma zo coci ba, har ya mutu ma bai zo ba, kada ku ce na gaya muku abin da bai faru ba.

Da kaka aka aike ni unguwar in sanar da masu bi ranar godiyar amfanin gona. Na tarar Nomau ya gama yankan dawarsa. Tsohon bai yi ƙarya ba, gonar ba ta yi ba, zangarnun ƙanana ne, duk abin da aka ɗaure jaki ɗaya ya isa ya kwashe. Muna tsaye muna kallon damunan, sai ga Sarkin Noma da kansa yana koro jakinsa. Bai gaishe mu ba. Ya ce wa Nomau, "Kama mani." Suka ɗora. Nomau ya nufi hanyar ɗakinsa, tsohon ya bugi jakin ya juya shi wata hanyar. Muka bi shi a baya har cikin gida, har gindin babban rumbun gandu.

Ya sauke dami na farko, ya durƙusa, ya sa yatsu a ƙullin igiyar. Ƙullin ya yi tauri, Nomau ya miƙa masa wuƙa, ya ƙi karɓa. Ya yi ta fama da shi da farce har ya warware. Ya ɗebi 'yan zangarnun nan marasa kyan gani ya miƙa wa ɗansa, ya ce, "Hau ka jera su bisa namu." Uwar Nomau tana bakin ɗaki tana share ido da gefen zane.

Har yau in yara irinku suka tambaye ni ma'anar efiluwo, bayani ne ko raba gardama, wa kuma aka yarda ya yi ta, ba ni da amsar da za ku rubuta a jarrabawa. Na tambayi mai Helenanci, na tambayi tsohon soja, na yi shekaru ina tsaye a hagun masu wa'azi, ban gama ganewa ba. Abin da na sani, ranar nan ina tsaye da citta a baki, Turanci cike da kaina, ba wanda ya nemi in juya ko kalma ɗaya. Tsohon ya naɗe igiyar a hannunsa, ya miƙo mini, ya ce in riƙe masa, ya jawo dami na biyu.